Darasi na 9: Kiwon Ƙwari Masu Cin Ƙwarin Gona

Ba kowane ƙwaro da ke yawo a gona ne yake cin amfanin gona ba. Yawancinmu mun taso da ganin cewa duk abin da ya motsa a kan ganyen masara ko ƙwallon auduga abokin gaba ne, kuma maganinsa feshi. Amma a cikin ƙwarin da ke kwana su tashi a gonakin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu yi mana ɓarna ba su da yawa. Mafi yawansu ba ruwansu da shukarmu. Wasu kuma abincinsu shi ne masu ɓarnar, wato aiki suke yi wa manomi ba tare da ya biya su ko sisi ba. A wannan darasi za mu san waɗannan ƙwari, mu ga yadda ake kiwonsu da yawa a ɗaki a sake su a gona, mu kuma duba abin da maƙwabtanmu na Maraɗi suka yi da wannan dabara.

Su wane ne ke taya mu?

Sun kasu gida biyu. Kashi na farko mafarauta ne: suna kama ƙwaro su cinye nan take, gobe su nemi wani. Gizo-gizo yana cikinsu, da ƙoƙi-ƙoƙi, da tururuwa, da tsatso mai almakashi a wutsiya wanda ke shiga cikin kunnen masara yana cin ƙwan tsutsa. Akwai kuma ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce tuwonsu.

A cikin mafarauta akwai wani dangi da ya kamata mu tsaya a kansa. Su ba su da haƙoran tauna. Bakinsu tsinke ne, suna soka shi a jikin tsutsa ko ƙwai, su zuba yawu mai narkar da abin da ke ciki, su zuƙe, su bar fanko. 'Yan'uwan kuɗin cizo ne na nesa. Ƙaraminsu, wanda masana ke kira Orius, bai fi milimita 2 zuwa 3 ba. Yana ɓuya a cikin fure da bununi yana shan ƙwan tsutsa da ƙananan ƙwarin da ke lalata furen wake da barkono.

Babbansu kuwa manoman auduga sun sha ganinsa ba su gane shi ba. Yankinmu tsohuwar ƙasar auduga ce, tun zamanin Turawa Daudawa ta yi suna da gonar irin auduga, saboda haka babu wanda bai san jan ƙwaron nan mai baƙin tabo a fiffike da ke taruwa a kan ƙwallon da ya fashe, yana shan ƙwaya yana ɓata farin kaɗa ba. To, akwai wani mafarauci da ake kira Phonoctonus wanda ya ɗauko launinsa kusan sak, yana shiga cikin taronsu yana kama su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuka duba da kyau za ku rarrabe su. Mai ɓarnar bakinsa dogo ne siriri, a miƙe a ƙarƙashin cikinsa, kuma cikin gungu ake ganinsa. Mafaraucin kansa siriri ne mai wuya, bakinsa gajere mai kauri a lanƙwashe. Kada a kama shi da hannu, yana iya sokar mutum, kuma da zafi.

Kashi na biyu ba sa cin ƙwaro da kansu, 'ya'yansu suke ɗora masa. Kowa ya san zanzaro: yana harbin tsutsa ta sandare ba ta mutu ba, ya kai ta ɗakin lakarsa, ya saka ƙwai, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya ci tsutsar har ya girma. Akwai ƙananan 'yan'uwan zanzaro iri-iri masu irin wannan sana'a, sai dai su ba sa gina ɗaki. A inda suka sami tsutsar nan suke harbinta su saka mata ƙwai. Wasunsu ma a cikin ƙwan ƙwaron suke saka nasu. Ba sa harbin mutum ko dabba, kuma ba sa taɓa shuka.

In suna nan, me ya sa ake ɓarna?

Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ita ce tushen wannan darasi. Suna makara. Raninmu dogo ne, wata shida ko fiye babu ɗanyen ganye sai a fadama. Ƙwarin ɓarna da yawa suna da dabarar kwanciya a cikin ƙasa ko cikin kara har ruwa ya sauka. Masu cinsu kuwa yunwa tana ƙarar da mafi yawansu. Idan damina ta kankama, mai ɓarna ya tashi ya tarar da abinci shimfiɗe ko'ina, ya hayayyafa. Mai cinsa sai ya fara daga 'yan tsirarun da suka tsira. Kafin ya yi yawan da zai yi tasiri, an riga an ci gonar.

Sai kuma feshi ya zo ya ƙara gishiri a miki. Tsutsa tana ɓoye a cikin zangarniya ko kunnen masara ko cikin ganyen tumatir, inda magani ba ya isa sosai. Mafarauci shi kuwa yawo yake yi a sarari, daga wannan ganye zuwa wancan, yana taka duk inda maganin ya sauka. Shi ne ke fara mutuwa. Wannan na cikin dalilan da suke sa manomi ya yi feshi yau, bayan mako biyu ya ga ƙwari sun dawo fiye da da, ya ce maganin jabu ne. Wani lokaci jabun ne. Wani lokaci kuma maganin ya yi aiki ne a kan wanda bai kamata ba.

Manufar kiwon ƙwari ke nan: a riƙe abokan manomi a ɗaki lokacin da daji ba zai iya riƙe su ba, a yawaita su, a sake su a daidai ranar da mai ɓarna ya fara, ba bayan ya gama ba.

Abin da aka yi a Maraɗi

Daga birnin Katsina zuwa Maraɗi, ta Jibiya, bai kai kilomita 100 ba. Babban abokin gaban gero a can wata tsutsa ce da manoma ke kira murzuna, masana kuma Heliocheilus albipunctella. Uwarta irin malam-buɗe-littafin nan ne mai tashi da dare. Tana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan saukar ruwan shuka, ta saka ƙwai a kan gero daidai lokacin da yake fitar da kai. Tsutsar tana shiga tsakanin ƙwaya da sandar zangarniya tana yanke 'yan hannuwan da ke riƙe da ƙwayar, tana zagayawa, shi ya sa ake ganin zane a murɗe a jikin zangarniyar da ta ci. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarta sai baɗi. Ta zama annoba ne bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974, kuma a mummunar shekara asarar gona kan kai kashi 85 cikin ɗari. Feshi bai cika yi mata komai ba, ga gero ya fi mutum tsawo a lokacin, ga manomin gero ba shi da kuɗin magani.

Maganinta ashe yana cikin rumbu. Akwai wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, tsawonsa milimita 2 zuwa 4, wanda da rani yake rayuwa a kan tsutsar da ke cin hatsin ajiya, da damina ya fita gona. Ɗan ƙasa ne, ba daga waje aka kawo shi ba. Da ma yana kashe murzuna, sai dai a ƙarshen damina, bayan ta gama aikinta. An fara gwajin kiwonsa da sakinsa da wuri a Senegal cikin shekarun 1980, hukumar kare tsirrai ta Nijar ta ci gaba da gwadawa. A 2006 aka kafa wani shiri mai suna GIMEM da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka, wanda ya haɗa masanan Nijar da Burkina Faso da Mali. Cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, reshen Maraɗi, ta kasance kan gaba a aikin. Daga cikin masanan da suka riƙe shi akwai Ibrahim Baoua, wanda ya yi aiki a INRAN kafin ya koma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi, da Malick Ba, wanda daga baya ya koma cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai.

Hikimar shirin tana cikin sauƙinsa. Ba kwalba ba, ba firiji ba, ɗan buhun algarara ne wanda tela zai ɗinka. Na farko da aka yi amfani da shi faɗinsa santimita 15, tsawonsa 25. Daga baya aka ga ƙarami ma yana yi, mai santimita 7 da 10, a zuba masa giram 50 na tsabar gero da giram 30 na garin gero, a sa tsutsar hatsi 25, a sa matan zanzaro biyu waɗanda suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure baki. Matan su harbi tsutsotsin su saka ƙwai. Bayan kamar kwana 8 sababbin zanzaro su fara fitowa ta ƙofofin saƙar algarara, su ci gaba da fita har wajen mako biyu ko uku. Buhu guda yakan ba da 60 zuwa 70.

Ana kai wa kowane ƙauye buhu 15. Uku a tsakiya, uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa. A rataye su a reshen itace ko a rufin rumbu, a kare su daga ruwan sama. Ku yi lissafi: buhu 15 sau 65 bai kai ko dubu ba. Ta yaya zanzaro dubu za su tsare gonakin gari guda? Ba su ne za su tsare ba, jikokinsu ne. Daga ƙwai zuwa babba, a zafin daminarmu, zanzaron ba ya wuce kwana 8 zuwa 12, ita kuwa murzuna sau ɗaya take haihuwa a shekara, kuma tana yin kusan wata guda tana tsutsa. Kafin ta gama girma an yi mata zuriya biyu ko uku na maƙiyi. A ƙauyukan da aka saki zanzaron an sha samun kashi 80 cikin ɗari ko fiye na tsutsar a harbe, kuma wani awo da masanan suka yi a Nijar ya nuna ƙarin amfanin gona da ya kai kashi 34 cikin ɗari. Da farko ana lissafin cewa saki ɗaya yana rufe kilomita 5 ta kowace fuska. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ƙarfin aikin yana cikin kilomita 3 na farko.

Yadda ake kiwon

Duk mai son kiwon ƙwaro mai cin ƙwaro, to ya sani kiwo biyu zai yi, kuma na farkon ya fi wahala. Sai ka tara abincin kafin ka kawo mai ci. Ba a iya ajiye murzuna a ɗaki duk shekara, shi ya sa ake amfani da tsutsar hatsi mai suna Corcyra cephalonica, wadda kuka sani: ita ce ke saƙa yana a cikin gero ko shinkafar da ta daɗe a buhu, ta dunƙule ƙwayoyin wuri guda.

Ana zuba tsaba da garin gero a bokiti ko roba mai faɗin baki, a sa iyayen tsutsar ko ƙwansu, a rufe da ƙyalle mai shan iska a ɗaure. Cikin wata guda zuwa wata ɗaya da rabi zuriya takan zagayo. Masanan Maraɗi sun gano cewa ƙara garin wake a kan geron yana sa tsutsar ta fi ƙiba, zanzaron da ya tashi a kanta ya fi yawa. Sharaɗi mafi girma shi ne hatsin ya zama mai tsabta: wanda aka sa wa fiya-fiya ko ƙwayar bom ta ajiya zai kashe kiwon gaba ɗaya. A shanya shi a rana sosai, ko a ɗan gasa shi sama-sama ya huce, don kashe gunda da sauran baƙin da ke ciki.

Idan tsutsa ta girma, sai a tsinci manya a kai wa zanzaro a wani mazubi dabam, a ɗaki dabam. Wannan raba ɗaki ba ƙawa ba ce. In mace ɗaya ta sulale ta shiga bokitin tsutsa, cikin makonni kaɗan za a wayi gari babu abin da za a ciyar da sauran. Manyan zanzaro ruwan zuma ko ruwan sukari ake ɗiga musu a auduga. Akwai kuma wani abin mamaki a halittarsu wanda mai kiwo dole ya sani: macen da ba ta haɗu da namiji ba tana saka ƙwai, kuma yana ƙyanƙyashewa, amma duk maza ne. Namiji kuwa ba ya harbin tsutsa. Shi ya sa ake barin maza da mata tare na kwana ɗaya ko biyu kafin a sa matan a buhu. Wanda ya yi gaggawa a nan zai rataye buhu cike da 'yan kallo.

Sauran maƙiyan ɗakin kiwo su ne tururuwa da cinnaka da ɓera da laima. Ana tsoma ƙafafun tebur a gwangwanin ruwa, a sa ragar sauro a taga, a zaɓi ɗaki mai sanyi, irin ginin ƙasa, domin zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano yana kashe su. Kada a kunna maganin sauro a ɗakin ko kusa da shi.

Sai lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sakin da ya fi amfani shi ne na lokacin da gero ke fitar da kai zuwa bununi. Idan kuka ƙirga baya, kwana 8 na buhu, da makonnin tara zanzaro, da wata ɗaya da rabi na tara tsutsa, za ku ga cewa mai son saki a watan Agusta tun kafin ruwan shuka ya kamata bokitansa su fara aiki.

Kiwon mafarauta

Hanyar ɗaya ce, amma nauyin ya fi. Ɗan zanzaro tsutsa ɗaya ta ishe shi, har ma su yi tarayya su da yawa a kanta. Mafarauci kuwa kullum sai ya ci, tun yana ƙarami har ya mutu, kuma idan abinci ya yanke ɗan'uwansa zai juya ya ci. Masu kiwon Orius a Turai suna ba shi daskararren ƙwan wani malam-buɗe-littafi mai ɓarnar garin hatsi, suna sa masa ɗanyen kwanson wake don ya sha ruwa ya kuma saka ƙwai a ciki, suna cika mazubin da ɓawon hatsi ko yagaggiyar takarda domin kowa ya sami maɓoya. Cikin mako biyu zuwa uku yake girma. A Indiya ana kiwon manyan mafarauta irin na gonar audugarmu a kan wannan tsutsar hatsi ta Corcyra, amma su sukan ɗauki fiye da wata kafin su balaga.

Inda wannan sana'a ta fi bunƙasa shi ne Almeriya a kudancin Sifen, inda ake noman barkono da tumatir a cikin rumfunan leda na dubban hekta. A ƙarshen 2006 aka gano ragowar haramtaccen maganin feshi a barkonon da suke kai wa Jamus, kasuwa ta juya musu baya. Daga 2007 manoman barkono suka koma sayen Orius da wasu ƙananan mafarauta a kwalabe. Da tsutsar tumatir da muke kira sharon ta afka wa tumatirinsu, sai suka koma ga wani koren ƙwaro siriri mai suna Nesidiocoris tenuis, suna sakinsa tun a wurin renon dashe, ya saka ƙwai a jikin shukar, a dasa tumatir tare da mai gadinsa.

Amma a lura da bambanci. Rumfar leda rufaffiya ce, abin da ka saya ka saka yana nan. Gonarmu a buɗe take. Kuma barkonon da za a sayar a Jamus yana iya biyan kuɗin kwalba, dawa da gero ba za su iya ba. A ganina, a halin da muke ciki, kiwon mafarauta a ɗaki aikin cibiyoyin bincike ne, irin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Na manomi shi ne ya kiwata su a gona: ya gane su, ya daina kashe su, ya bar musu abin da za su ci. Shi wannan koren ƙwaron tumatir an same shi yana zaune da kansa a lambunan Senegal da Nijar, kuma yana son riɗi ƙwarai, har manoman Japan suna shuka riɗi musamman don tara shi. Yana da aibi ɗaya: idan ya yi yawa, abin farauta ya ƙare, yakan koma shan ruwan tumatirin, ya bar zobe mai ruwan ƙasa a jikin reshe, fure ya zube. Don haka ko aboki sai ana sa masa ido.

Mu fa, a kudancin Katsina?

Murzuna ta fi ƙarfi a arewa, wajen Jibiya da Kaita da Daura, inda ruwa bai kai namu ba. Mu nan masara da dawa da auduga da waken suya ne a gaba, musamman a Faskari da Sabuwa, sai gero a wasu sassan Ƙanƙara, da tumatir a fadama da rani. Masu hana mu barci su ne tsutsar masarar nan da aka fara gani a Afirka a kudu maso yammacin Najeriya cikin Janairun 2016, da sharon wadda a 2016 ɗin ta share tumatirin Kano da Katsina da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, da tsutsar da ke huda ƙwallon auduga.

Uwar tsutsar masara tana saka ƙwai a dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri guda, ta rufe shi da gashin jikinta. Akwai wani zanzaro da bai kai milimita ɗaya ba, Telenomus remus, mai kutsawa cikin wannan gashi ya saka ƙwansa a cikin nata, sai tsutsar ta mutu tun ba ta ga duniya ba. A 2019 masana suka tabbatar da cewa yana nan a Afirka, har da Nijar da Benin, kuma an yi kiwonsa a Sadore. Shi ma zanzaron Maraɗi ba murzuna kaɗai yake harbi ba, tsutsar ƙwallon auduga tana cikin waɗanda yake kamawa. Kada dai wani ya ɗauka cewa buhun da aka auna a kan gero zai yi aiki haka nan a kan masara. Kowane amfanin gona sai an yi masa nasa gwajin, kuma ta hannun malaman gona na hukumar KTARDA da masanan Samaru ya kamata ƙungiyoyin manoma su nemi a yi shi a nan.

Wani abu da ya sa nake ganin dabarar ta cancanci a gwada ta a yankinmu shi ne halin tsaro. A shekarun nan mutane da yawa ba sa iya wuni a gonar da ke nesa da gari, balle su yi ta zirga-zirga da famfon feshi a baya. Buhun da za a rataye a gefen gari, abin da ke ciki ya tashi da kansa ya tafi kilomita biyu ko uku, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Nan ne kuma matsalar take. Zanzaro bai san iyakar gona ba. Idan Malam wane ya sayi buhu, maƙwabcinsa da bai ba da ko ƙwandala ba zai amfana daidai da shi. Idan kuma maƙwabcin ya tashi ya yi feshi a makon da aka saki zanzaro, ya kashe na kowa. A Nijar, da aka fara miƙa sana'ar ga ƙungiyoyin manoma don su riƙa yin buhunan suna sayarwa, wannan tambaya ta wa zai biya ita ce ta fi ba da wahala, ba kiwon ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai gari ya zauna gaban mai unguwa ko dagaci, a yi karo-karo, a tsayar da ranar saki, a kuma yi alkawarin ajiye famfo na makonnin da suka biyo baya. In feshi ya zama dole, a fara da ruwan 'ya'yan darbejiya, wanda bai kai magungunan kanti kisan abokan manomi ba, a yi shi da yamma, a kan wurin da ɓarna take kawai.

Kawo ƙwaro daga wata ƙasa

Wannan wani fanni ne dabam, kuma ba na manomi ba ne. A 1973 aka ga wani farin ƙwaro mai gari-gari yana nannaɗe kan rogo a yankin Kwango, ya bazu har Najeriya. Daga Kudancin Amurka ya zo, ya baro masu cinsa a can. Masana suka bi sawunsa har Faraguwai, suka samo ɗan zanzaron da ke kashe shi, aka tsare shi a Ingila aka tabbatar ba zai taɓa wani abu ba, sannan cibiyar IITA ta Ibadan ta sake shi a 1981 ƙarƙashin jagorancin Hans Herren. An yi kiwonsa da yawa, har da jirgin sama aka riƙa watsa shi, rogon Afirka ya tsira. Herren ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. Ostireliya kuwa a 1935 ta shigo da wani ƙaton kwaɗo don ya ci ƙwaron rake ba tare da irin wannan bincike ba. Bai yi maganin ƙwaron ba, ya bazu, gubar jikinsa tana kashe namun dajin ƙasar har yau. A Najeriya hukumar killace tsirrai da dabbobi ta tarayya, NAQS, ita ke da ikon ba da izinin shigo da kowane irin ƙwaro, ko da daga maƙwabta ne.

Tambayoyi da aiki

1. Mene ne bambancin mafarauci da ɗan zanzaro wajen yadda suke kashe tsutsa? Wanne ya fi sauƙin kiwo, kuma don me?

2. Gari uku sun haɗu za su yi saki, kowane gari buhu 15 irin ƙaramin. Giram nawa na tsabar gero, giram nawa na garin gero, tsutsa nawa, da matan zanzaro nawa za a tanada?

3. Wani mai kiwo ya rataye buhuna, zanzaro sun fito da yawa, amma ba a ga tsutsar da aka harba a gona ba. Ku kawo dalilai biyu da za su iya jawo haka.

4. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya je gona ko lambun da ke kusa da gari da sassafe, da farin ƙyalle da kwalba mai murfi. A shimfiɗa ƙyallen ƙarƙashin shuka goma a girgiza. A ware abin da ya faɗo gida uku: wanda kuka tabbata yana ɓarna, wanda kuka ga yana cin wani, da wanda ba ku sani ba. A rubuta adadin kowanne, da ranar da aka yi wa gonar feshi na ƙarshe. A kawo kwalaben aji mako mai zuwa, za mu gayyaci malamin gona ya duba kashi na ukun tare da mu.